Innar da Ta Sha Ƙafar Maisuna

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ja kwanana har na ga ranar da zan faɗi gaskiya a kan kaina. Sunana Kulu, amma duk unguwarmu a Talata Mafara Inna ake ce mini, har waɗanda suka girme ni. Ina da jika, Maisuna, mai gyaran injin ban-ruwa, wanda yake jan ƙafar hagu. Duk wanda ya gan shi sai ya ce, "Allah sarki, shan inna." Shekara kusan talatin ina jin wannan kalma ina yin shiru, alhali na san waccan cutar ba ta taɓa shi ba. Na koyi boko da tsufana a ajin matan aure, yau ga ranar amfaninsa. Zan rubuta yadda aka yi, ko wata kaka mai saurin baki irina za ta karanta ta ji tsoron Allah.

Mu mutanen Maradun ne. Da aka tare gulbi a Bakolori ruwa ya ci fadamarmu, sai Malam, maigidana, ya kwaso mu zuwa Mafara ya kama awon shinkafa. A nan muka aurar da 'yarmu Luba ga Garba, direban tarakta a wurin noman rani, mutumin Birnin Tudu ta ƙasar Bakura. Malam ya rasu Luba tana da ƙaramin ciki. Da cikin ya shiga wata bakwai ta dawo gabana goyon ciki, tunda haihuwar fari ce. Cikin nan ya yi girman da ya ba kowa tsoro, yana sheƙi, ko kwanciya ba ta iyawa. Mata suna ta tsokanarta wai tagwaye ne. Daga baya aka gaya mini ruwa ne ya yi yawa, kuma wannan ma alama ce, amma a lokacin wa ya sani?

Ranar wata Alhamis da hantsi ta sauka. Yaro namiji, kyakkyawa, sai dai kumfa a bakinsa, kana sharewa tana dawowa. Ungozoma ta ce ruwan haihuwa ya sha, zai wuce. Na jiƙa dabino na ɗiga masa, sai ya ƙware, ruwan ya fito ta hanci, fuskarsa ta yi baƙi. Aka sa shi a nono, haka. Washegari maƙwabciyarmu Sista Ladi ta shigo barka. 'Yar Zuru ce, Kirista, ma'aikaciyar jinya a asibitin gari, katanga ɗaya ta raba mu. Ta karɓi yaro ta yi ta kallon kumfar nan, sannan ta miƙo mini shi ta fita. Sai ga ta da wata 'yar siririyar roba. Ta zura masa ta baki, robar ta shiga kamar tsawon yatsa ta tsaya cak.

Ta ce, "Inna, kada a sake ba shi komi, ko ɗigon ruwa. Hanyar abinci nai ba ta kai ciki ba."

Na ce, "A'uzubillahi! Mutum na ko buhun da anka ɗaure?"

Ta ce, "Ki aika a kira uban yanzu-yanzu."

Garba ya samo motar wurin aikinsu. A Gusau suka sa wa yaro ƙarin ruwa suka ce abin ya fi ƙarfinsu, sai Zariya. Haka muka kwashi Luba da ɗanyen jiki, kwana ɗaya da haihuwa, tana jingine da buhun kayanmu tana cije leɓe. A babban asibitin can muka haɗu da likitan tiyatar jarirai, wani dogon Babarbare mai Hausa a ɗan karkace. Ya ce wuyan mutum hanya biyu gare shi, ta iska a gaba, ta abinci a bayanta. Ta abincin yaron nan ce ta yanke a tsakiya, guntunta na ƙasa kuma ya je ya manne da ta iska. Zai tsaga ta gefen ƙirji ya raba su, ya ɗinke ta abinci. Bai yi mana alkawarin komai ba. Ranar Lahadi aka shiga da shi, Allah Ya sa aka fito da shi da rai. Garba ya sayar da bijimin da yake turka, dangin Malam ma suka yi abin da za su iya.

A Birnin Tudu aka raɗa suna, babu jariri babu mai jego. Garba ya yi mini kara ya mayar da sunan Malam, shi ya sa ake ce wa yaron Maisuna. Sai kunyar Luba ta zama biyu: ga ɗan fari, ga sunan ubanta. Ni kuwa na hore ta irin horon da aka yi mini. 'Yar mutunci ba ta kallon ɗan farinta a gaban manya, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi. In tana ba shi nono na shigo, kawar da kai take yi, ni kuma in ji daɗi a raina in ce na iya tarbiyya.

Mako huɗu muka yi a Zariya. Ina kwana a baranda, ina dafa wa Luba ruwan wanka a bayan ɗakin jinya a kan duwatsu uku, masu gadi suna kora ta ina komawa. Ba zan ci haƙƙin ma'aikatan nan ba, sun yi wahala da yaron, Allah Ya saka musu. Amma ina da ƙorafi ɗaya. Babu wanda ya zaunar da mu ya ce yaran da aka haifa haka, sau da yawa hanyar iskarsu ma ba ta da ƙwari, ku lura da kaza da kaza. Ranar sallama yaro ya yi wani tari mai ƙara kamar haushin tsohon kare, har wata mata a gadon kusa ta zabura. Likita ya ce yaran da aka yi wa wannan aiki sukan yi irinsa, mu dawo bayan wata biyu, kuma mu riƙe duk abin da muka gani mu gaya masa.

Makon farko a gida lafiya lau, ban da tarin da wani gurnani a ƙirjinsa in yana numfashi. A mako na biyu abin ya fara. Yana cikin shan nono sai ya saki, ya banƙare kai baya, ya buɗe baki ba kuka, leɓensa ya yi baƙi. In ɗauke shi in hura masa iska a fuska, in yayyafa ruwa, sai ya ja numfashi ya dawo. Ni na san wannan, ko in ce na ɗauka na sani. Yayan Luba, Umaru, da yana ƙarami in aka hana shi abu sai ya yi kuka har ya shiɗe. Don haka na yanke hukunci: shiɗewa ce ta zuciya, gadon gidanmu ce. Banƙarewar nan kuwa haushi take ba ni. In na goya shi sai in tura kansa gaba in ɗaure da majanyi, wai kada wuyansa ya saba ya karkace.

Masu shawara ba su bar mu ba. Uwar Garba ta zo daga Birnin Tudu ta ce hakin wuya ne, a kira wanzami ya cire. Wata ƙanwar Malam daga Maradun ta aiko da turare ta ce iskokin gulbi ne, tunda an tashe su daga mazauninsu dole su huce a kan wani. Na karɓo rubutu na shafa masa, na yi turaren, amma wanzami na hana. Na ce wuyan da likita ya ɗinke ba mai sa masa aska. Wannan hanin ya sa na riƙa jin kaina wata wayayya, wadda ta ga Zariya ta dawo.

Tunda yaro ba lafiya, Luba ba ta koma ɗakinta bayan arba'in ba. Wata rana ina tankaɗe a tsakar gida ta zo ta durƙusa nesa da ni, tana wasa da bakin zanenta.

Ta ce, "Inna, wanga abu ba awa na Yaya Umaru ba na. Shi Yaya kin ce sai ya yi kuka. Wanga ko kuka bai yi, nono shika sha sai shi ɗauke."

Na aje rariya na dube ta. Na ce, "Luba! Ɗan hwari kika sa ma ido hakanga? Ina kunyar taki? Ɗiya nawa kinka raina da za ki koya min shiɗewa? Abin da babba yah hango, yaro ko ya hau rimi ba shi ganin shi."

Ta ce, "Ki yi haƙuri, Inna." Ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta sake ɗaga maganar ba.

Da wata biyu suka cika muka koma Zariya. Tun bayan asuba muka kama layi, ba mu ga likita ba sai gab da azahar. Ya gane mu, ya yi wa yaro wasa, ya ɗora shi a sikeli ya ɗan yamutsa fuska. Sai ya juya wajen Luba, ita ya tambaya, da sunanta.

Ya ce, "Luba, in yana shan nono yakan ɗauke numfashi? Leɓensa yakan canza launi?"

Luba ta sunkuyar da kai. Na ga bakinta ya motsa. Kafin ta ce uffan na riga ta.

Na ce, "Lahiya tai lau, likita. Tarin nan na dai. Sai ɗan shiɗewa in ya yi zuciya, awa kowane yaro."

Ya ce, "In yana kuka ne kawai?"

Na ce, "Ƙwarai."

Ya sake duban Luba ya ce, "Haka ne?"

Na yi dariya na ce, "Likita, ɗan hwari na. Ko kwana za ka yi kana tambaya ba ta tankawa. Ni ka rainon shi."

Shi ma ya yi murmushi, ya rubuta. Yau da nake wannan rubutu ba zan ɓoye a bayan al'ada kaɗai ba. Kunya tana ciki, amma akwai wani abu. Na gaji da barandar Zariya. Na san in na ce yana ɗaukewa sau biyu sau uku a mako za su riƙe mu, ga shinkafar Garba ta isa yanka, ga gidana ba kowa. Kuma ban so 'yar da na haifa ta ƙaryata ni a gaban baƙo. Aka ɗauki hoton ƙirji, ba a ga komai ba. Likita ya ce nauyinsa ne bai kai ba, a yawaita ba shi nono, kuma in ya taɓa ɗauke numfashi ba a kan kuka ba mu dawo ba tare da jiran ranar layi ba. Cikin maganar nan duka, abin da kunnena ya zaɓa ya riƙe shi ne yaro bai ƙoshi ba.

Muka dawo Mafara. Mako uku ina kallon haƙarƙarinsa ina jin haushi. Jikan maƙwabta da aka haifa bayansa ya yi ɓul-ɓul, nawa kamar tsinke. Na ce nonon Luba ne ba ya riƙe ciki. Na fara ba shi koko da cokali, yana ƙi yana banƙarewa. Sai na ce to, yadda aka yi mana za mu yi masa.

Ranar Asabar ce da hantsi, Luba tana wanki a bakin rijiya. Na dama koko mai ruwa-ruwa, na kwantar da shi a cinyata, na tallabo kan nan da yake ta turawa baya na dawo da shi gaba. Na kafa tafin hannuna a bakinsa, na toshe hancinsa da yatsa, na zuba. Ɗura ke nan, wadda na yi wa 'ya'yana shida ba abin da ya same su. Ya haɗiya sau ɗaya, sau biyu, ina cewa madalla. A na uku sai na ji jikinsa ya saki a hannuna. Na hura masa iska, shiru. Na yayyafa ruwa, shiru. Na jijjiga shi, kansa ya langaɓe, harshensa ya yi baƙi ƙirin.

Ban san na yi ihu ba sai da na ga Luba a kaina, hannunta duk kumfar sabulu. Ta fizge shi daga cinyata. Tunda na haife ta ba ta taɓa fizgar abu daga hannuna ba. Ta fita a guje, ba mayafi ba takalmi, ta faɗa gidan Sista Ladi. Allah Ya sa ranar hutunta ce. Da na isa na tarar ta shimfiɗa shi a kan tebur, ta ɗaga haɓarsa sama, kansa ya koma baya daidai yadda shi da kansa yake yi ina hana shi. Ta zuƙe kokon da bakinta ta tofar, ta riƙa hura masa numfashi tana danna ƙirjinsa da yatsu biyu. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai san na karanta duk abin da na haddace na sake komowa farko. Daga ƙarshe ya yi wani ɗan tari, ya ja iska. Kafin mu gama hamdala sai jijjiga ta kama shi, hannu da ƙafa suna karkarwa.

Sista Ladi ta dube ni ta ce, "Mi anka ba shi?"

Na ce, "Ɗura niy yi mai."

Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni.

A ranar muka kama hanyar Zariya, Sista Ladi tana riƙe da shi har Gusau. Kwana uku yana kwance da robar iska a hanci bai san inda yake ba. Rana ta huɗu likita ya kira mu ofishinsa, ni da Luba da Garba. Ya tambayi abin da ya faru. Na buɗe baki ke nan, sai na ji murya a gefena.

"Likita, ni za ni magana. Muhammadu Bello ɗana na."

Luba ce. Ta ambaci sunan ɗan farinta, sunan ubanta, a gabana da gaban mijinta, ba ta ko ƙifta ido ba. Ta kwance majanyin da ke ɗaure a ƙugunta ta shimfiɗa a kan tebur. Zaren bakinsa duk ƙulli ne, ƙanana ƙanana a jere.

Ta ce, "Dut randa yaɗ ɗauke sai in ƙulla guda. Ashirin da ukku na, ban da na ɗura. Ba kuka ka kawo shi ba. In shina shan nono na, ko in ya yi tari da ƙarhi. In nib bar kai nai baya shi kan dawo da wuri. Randa munka zaka kat tambaye ni, sha huɗu na."

Likita ya bi ƙullin nan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Bai dube ni ba. Garba ma bai dube ni ba. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Wata uku majanyin nan yana hannuna, ina ɗaure kan yaron da shi, ina jin ƙulle-ƙullen a tafina ina cewa Luba ba ta iya adana kaya ba.

Bayan kwana biyu suka shiga da shi suka leƙa hanyar iskar. Likita ya bayyana mana cewa hoto ba ya kama wannan matsala, domin hoto abu ne a tsaye, ita kuwa sai ana numfashi take nuna kanta. Dole a ba yaro maganin barci kaɗan, yadda zai ci gaba da numfashi da kansa, a zura wani siririn ƙarfe mai fitila a kalli hanyar tana buɗewa tana rufewa. Da ya fito ya ambaci wani dogon suna, tirakiyomaleshiya. Ni wutsiyar kawai na kama, har na ce a raina, duk wannan wahala ashe maleriya ce? Ya rubuta wa Garba a bayan kati, shi ya sa na iya kawo shi nan.

Ya tambayi Garba me suke nomawa. Garba ya ce shinkafa da alkama, da rani kuma albasa.

Ya ce, "To ka san lawashi. Hanyar iskar mutum kamar gora take, ko ka matsa ba ta mannewa. Ta ɗanka, a daidai inda muka raba ta da ta abinci, kamar ganyen lawashi take. Hanyar abinci tana bayanta. In abinci ya cika ta sai ta danne lawashin ya rufe. In ya tura kansa baya, miƙe hanyar yake yi don ya samu iska. Yaron nan ya san maganin kansa tun kafin mu sani."

Na ce, "Likita, da nig gaya maka gaskiya waccan rana hwa?"

Ya ce, "Da na leƙa tun a lokacin, Mama. Da na ce a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a zaune, a bar kansa yadda yake so, kuma ko da wasa kada a yi masa ɗura. Yawancinsu hanyar takan yi ƙwari in sun shekara biyu. Ni ma ina da nawa laifin. Da na ce ki jira a waje, na tambaye ta ita kaɗai."

Ya faɗi haka ne don ya rage mini nauyi, na sani, Allah Ya yi masa albarka in yana raye, in ya rasu Ya jiƙansa. Nauyin dai bai ragu ba.

Mako shida muka ƙara. Sun tarar wurin ɗinkin ya ɗan tsuke, abinci yana taruwa a samansa, suka buɗa shi sau biyu. Ya ce akwai wani aikin da ake yi in ɗaukewar ta ƙi tsayawa, amma Allah bai sa an kai ga haka ba. Aka fara ba shi nono ta roba, sannan da cokali, Luba tana zaune da shi a ƙirjinta awa guda a kan abin da bai cika ludayi ba. Ni aikina ya koma dafa ruwa da wanke tsumma. Barandar da na guda, na kwana a kanta har ta yi mini kanta a kwankwaso. Tun a can na lura hannunsa na hagu a dunƙule yake, ƙafar hagu ma ba ta harbawa kamar ta dama. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ta daɗe ba iska ranar ɗura, abin da ya taɓu ya taɓu.

Ɗaukewar ta yi ta raguwa, kafin yaye ta tsaya gaba ɗaya, kamar yadda aka faɗa. Tarin ne bai bar shi ba har yau. Bai taka ba sai da ya shekara uku, yana jan ƙafa. A Birnin Tudu wani ya ce shan inna ne, magana ta bi gari. Garba bai musa ba, Luba ba ta musa ba, don su rufa mini asiri. Na taɓa samun Luba ita kaɗai na ce ta yafe mini. Ta ce, "Inna, ni ma da bakina a wurin." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ban san ko yafewa ce ko raba laifi ba.

Abin da ya fi ci mini rai, duk cikin jikokina babu mai ƙaunata kamar Maisuna. Uwargida yake ce mini, ni in ce masa mijin da ba cefane. Kowace Talata in ya tashi daga kasuwa sai ya biyo da goro. Tun daga bakin lungu nake gane shi da tarin nan. Hannu ɗaya da rabi gare shi, amma in injin ban-ruwa ya gagari kowa daga nan har Ruwan Gizo, shi ake nema.

Da masu ɗigon rigakafin shan inna suka fara bin gida-gida, wasu magidanta suna rufe ƙofa, sai Maisuna ya ɗauki abin a kansa. Ya riƙa raka su yana ɗage wando yana nuna ƙafarsa. Da kunnena na ji shi a ƙofar wani maƙwabci yana cewa, "Ku dube ni. Kuna son ɗiyanku su koma hakanga? Ku bari a ɗiga musu." Abin kirki yake yi, yara da yawa sun samu ta dalilinsa. Amma a kan ƙaryata yake tsaye yana rantsuwa, ni kuwa ga kabari yana matsowa.

Talatar da ta biyo ya zo da goro, na ce ya zauna. Na gaya masa duka, tun daga kumfa har majanyi, ban rage barandar Zariya da shinkafar ubansa ba. Yana saurare yana murza ƙafar da hannunsa mai lafiya.

Da na gama ya ce, "To ashe mutane ba su yi ƙarya ba. Shan Inna na."

Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. Ya aje goron a bakin tabarma, ya dafa bango ya miƙe, ya ce sai an jima. Bai ce uwargida ba.

Talata ta zo bai zo ba. Wata ta sake zuwa, shiru. A cikin kwanakin nan na sayi littafin rubutu na fara wannan, don in ba zai sake zuwa ba, ko wani ya amfana. Ga abin da na sani, na saye shi da tsada. Jaririn da kumfa ba ta yankewa a bakinsa, kada a ɗiga masa komai, a kai shi asibiti. In an yi masa aikin hanyar abinci kada a ce an gama, a sa ido a kan numfashinsa. Shiɗewar da ta zo ba kuka, a bakin nono, ba zuciya ba ce, a faɗa wa likita a roƙe shi ya leƙa hanyar iska, ko da hoto ya ce lafiya. Ɗura kuwa, ko yaro mai lafiya ne, na roƙe ku da Allah ku bari. Ku kuma 'yan'uwana kakanni, in likita ya tambayi uwa, ku kama bakinku. In ba za ku iya ba, akwai benci a waje.

Jiya Talata ce ta uku. Na yi la'asar na zauna a tsakar gida ban shimfiɗa komai ba, don kada in sa rai. Sai na ji tarin daga bakin lungu, tarin nan da na taɓa ce wa likita ba komai ba ne. Na ji jan ƙafar a zaure. Ya yi sallama, na amsa. Muka gaisa har ƙarshe, gida da aiki da gajiya, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya miƙo mini goro a ganye.

Ya ce, "Daga Birnin Tudu nike. Na sa mahaifiyata ta nuna min majanyin. Na ƙirga."

Na kasa ɗaga kai.

Ya ce, "Uwargida, ɗauko min tabarma mana. Ƙahwag ga ta gaji."